Ruwan Majiya bai san iyaka ba

Tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, domin kare gonaki daga iska. Ruwan wannan kwari yana gangarawa ta Konni, ya shiga Najeriya, ya zuba tafkin Kalmalo. Da aka rufe iyaka a 2023, fatake sun tsaya, ruwa kuwa bai tsaya ba.

Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta ce ƙasashen biyu su raba shi da adalci, amma rabo sai da awo. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da ta Tawa, ta 2010, maƙwabta ne. Kamata ya yi malamansu su auna ruwan tare, su kai wa gwamnatocin biyu lissafi guda, wanda manomin Buza da na Illela za su amince da shi.