Yamai da kewayenta: wuraren da ya kamata magidanci ya kai iyalinsa su gani

Duk shekara dubban mutane na shigowa birnin Yamai daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran jihohi. Wani aikin gwamnati ne ya kawo shi, wani fatauci, wani jinya, wani kuwa zumunci. Mafi yawansu suna komawa gida ba su san komai na babban birnin ƙasarsu ba in ban da tasha, ofis da kasuwa. Su kansu mazauna birnin, akwai da yawa da suka haifi ƴaƴa suka girma a Bukoki ko Talaje, yaran ba su taɓa ƙetare kogi ba. Alhali kuwa Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da aka karanta wa tarihin Nijar a lakol yana iya mantawa bayan jarrabawa, amma wanda ya gani da idonsa zai riƙe shi har tsufa.

Gidan Tarihi na Ƙasa

Wuri na farko da ya cancanci ziyara shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda jama'a suka fi sani da Mize. An buɗe shi a watan Disamba na 1959, kafin ƙasa ta samu ƴancin kai, bisa himmar Bubu Hama da wani masanin kayan tarihi mai suna Pablo Tuse, wanda ya zama shugabansa na farko. Bubu Hama, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1982, ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa 1974, kuma ya rubuta littattafai masu yawa a kan tarihin al'ummomin Nijar. Yau gidan sunansa yake ɗauke da shi.

Filin gidan ya kai hekta 24 a tsakiyar gari. An yi ɗakunansa bisa salon ginin Hausa, da zanko da zane a fuskar bango, fari da shuɗi. Wani ɗaki na tufafin gargajiya ne, inda Bahaushe zai ga babbar riga mai aska kusa da rawanin Abzinawa da adon matan Fulani. Wani na kayan kiɗa ne: kalangu, algaita, goge, molo da kakaki. Akwai ɗakin da ke bayanin ma'adinin iraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971. An kuma gina irin gidajen da kowace al'umma ke zama ciki, tun daga bukkar makiyayi har ɗakin masunta na bakin kogi, domin yaron birni ya san yadda ƴan uwansa na karkara suke rayuwa.

Abin da ya fi tsayar da yara shi ne ƙasusuwan dabbobin farkon zamani da ake kira dinozor. Wani masani ɗan Faransa, Filip Take, ya tono su a Gadufawa, cikin jihar Agadas, tun daga 1965. Ɗaya daga cikinsu an raɗa masa sunan ƙasar nan, Ouranosaurus nigeriensis, tsawonsa kusan mita 7, kuma masana sun ƙiyasta ya rayu shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce. Kusa da shi akwai ƙashin wani kada mai girman gaske. Darasin da ke ciki shi ne, inda yau babu komai sai rairayi, a da akwai koguna da dazuzzuka. Ƙasa tana iya sauyawa, kuma hamada ba ta neman izini kafin ta shigo.

Wannan darasi ne kuma Itacen Tenere yake bayarwa. Itacen ƙaya ne da ya daɗe tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, bakin wata rijiya mai zurfi, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Madugai ba su yarda a sare reshensa don hura wuta ba, ba su bar raƙumi ya ci ganyensa ba. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo Yamai, aka gina masa rumfa. Abin da ayari suka kiyaye shekara da shekaru, gangancin mutum ɗaya ya kayar da shi a rana guda.

A cikin gidan akwai wurin namun daji, inda ake ganin zaki, kura, dorina, kada, jimina da birai. Akwai kuma rumfunan masu sana'a: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa da masassaƙa, kowa yana aikinsa a gaban mai kallo. Wanda ya sayi zobe ko jaka a hannunsu ya taimaki ɗan ƙasa, ya kuma taimaki sana'ar kada ta mutu.

Kogin Isa

Daga ƙofar Mize zuwa bakin kogi tafiyar ƙafa ce. Kogin Isa ya taso daga duwatsun ƙasar Gine, tsawonsa kusan kilomita 4,200, daga ciki wajen 550 a ƙasar Nijar. Saboda shi aka kafa Yamai, kuma yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido nan a 1926. Kafin 1970 sai da jirgin fito ake ƙetarewa. A wannan shekara aka buɗe gadar Kenedi mai tsawon mita 710, abin da ya ba unguwar Harobanda da jami'a damar bunƙasa a ɗaya gaɓar. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku kuma, mai sunan Janar Seini Kunce, a 2021.

Kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa da damina, a Agusta da Satumba, ruwan ja ne saboda ƙasar da koramu ke kwasowa. Ta biyu tana isowa lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, domin ruwan da aka yi a Gine yana ɗaukar watanni kafin ya ratso ƙasar Mali. Wannan lokaci ne ya fi dacewa da shiga kwalekwale: rana ba ta da zafi, garake sun yi kore, masunta suna jefa birgi da la'asar. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a cika jirgi fiye da ƙima, kuma kada a matsa wa matuƙi ya kusanci dorina, domin uwar da ke tare da ɗanta tana kifar da jirgi nan take.

Mai ziyara zai lura da tsibiran rairayi a tsakiyar ruwa. Sare itatuwa a kan tudu ne ke sa ruwan sama ya kwaso yashi ya zuba a kogi. In gadon kogi ya cika da yashi, da rani ruwa ya yi ƙaranci, da damina kuma ya yi ambaliya. A 1985 kogin ya daina gudu a Yamai saboda fari. A 2020 kuwa ya fasa madatsai ya cinye unguwanni. Wanda ya kai ɗansa bakin ruwa ya nuna masa wannan, ya ba shi dalilin dasa itace fiye da kowane jawabi.

Cikin gari da ƙauyukan kusa

Babban Masallacin Juma'a, wanda aka gina a shekarun 1970 da taimakon ƙasar Libiya, yana da hasumiyar da ake hango ta daga nesa. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987. A unguwar Wadata akwai cibiyar masu sana'ar hannu, a bakin kogi kuma wajen Gamkalle akwai majema, inda ake jeme fata kamar yadda kakanni suka yi.

Kilomita 25 daga Yamai, a kan hanyar Tilaberi, garin Bubon yake. Kasuwarsa ranar Laraba take ci, mutane na zuwa da jirage daga ƙetare. Matan garin sun shahara da ginin tukwane da tuluna masu zanen fari da ja. Ta kudu kuwa, wajen kilomita 55, akwai garin Sayi, wanda Alfa Mahaman Jobbo ya mayar cibiyar ilimin addini a ƙarni na 19. Nan Bature matafiyi Hainirik Bart ya ƙetare kogi a 1853, kuma nan aka kafa Jami'ar Musulunci.

Raƙuman dawa na Kure

Abin da babu irinsa a duk Afirka ta Yamma yana Kure, kilomita 60 a kan hanyar Doso. Nan ne garken ƙarshe na raƙuman dawa na wannan yanki yake. A da ana samunsu tun daga Senegal har tabkin Cadi, amma farauta, fari da sarar daji suka ƙarar da su. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Hukuma ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan basussuka, samarin yankin suka zama ƴan jagora. A 2017 yawansu ya haura 600.

Ba a cikin shinge suke ba. Da damina suna kan tudun Kure cikin geza da sabara, da rani su gangara Dallol Boso inda gawo yake fitar da ganye. Suna ratsa gonaki, wani lokaci su ci waken talaka ko mangwaronsa. Haƙurin waɗannan manoma ne ya raya garken, kuma ya kamata a san da haka. A 2018 an ɗauki guda 8 aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, domin kada annoba ɗaya ta shafe su gaba ɗaya.

Amma a ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a wannan daji, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Baƙi suka ɗauke ƙafa, iyalan da ke ci daga wannan sana'a suka shiga wahala. Haka matsalar tsaro ta shafi gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, mazaunin giwa, ɓauna da zaki. Saboda haka duk mai niyyar fita bayan gari da iyali, ko Kure ne, ko Bubon, ko Sayi, wajibi ne ya fara tambayar jami'an tsaro halin da hanya take ciki, ya bi abin da suka ce, kuma kada dare ya same shi a hanya.

Nauyin da ke kan kowa

Ziyarar cikin gari ba ta bukatar dukiya mai yawa: kuɗin taksi, kuɗin shiga, ruwan sha da ɗan guzuri. Lokacin sanyi ya fi, kuma a fita da safe. A hana yara jifan dabbobi ko ba su abinci, a hana su taɓa kayan tarihi, kada a bar leda a ƙasa. Daraktocin makarantu suna iya shirya fita aji aji, malaman yaƙi da jahilci kuma su kai ɗalibansu su karanta allunan bayani da kansu. Ma'aikacin da aka aiko taro daga jiha ya ware rabin yini, ya koma gida da labarin da zai ba ƴaƴansa.

Shekaru da yawa waɗannan wurare sun dogara da baƙi daga waje. Yanzu da baƙin suka ragu, abincin zakin Mize, cinikin maƙeri da kuɗin matuƙin kwalekwale sun koma hannun ƴan ƙasa. Idan iyaye suka riƙa kai ƴaƴansu, wuraren za su rayu, kuma yaran da suka gan su tun suna ƙanana su ne za su tsare su idan sun girma.