Igwar Ruwa Da Ta Shiga Inda Mutum Ya Kasa: Darasi Daga Gobarar Notre-Dame

Ran Litinin 15 ga Afrilu 2019, ana cikin makon da ikkilisiya ke shirin Ista, wuta ta kama rufin babbar majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris a ƙasar Faransa. An soma ginin nan tun 1163. Rufinsa na katako ne, busassun itatuwa masu ɗaruruwan shekaru, an kuma lulluɓe su da darma. Ƙararrawar gobara ta kaɗa wajen ƙarfe 6:20 na yamma ana cikin sujada, amma aka tura mai gadi ya duba wani ɗaki dabam. Kafin a kira 'yan kwana-kwana, kusan rabin awa ta wuce.

Kafin ƙarfe 8 na dare doguwar hasumiyar tsakiya ta karye, ta huda rufin dutse ta faɗo ciki. Garwashi da narkakkiyar darma suka riƙa zuba. Shugaban 'yan kwana-kwanan Paris na lokacin, Janar Jean-Claude Gallet, yana da mutane fiye da 400 a wurin. In ya bar su a ciki, rayukansu na cikin haɗari. In ya janye su duka, ginin zai ci gaba da ci. Zuba ruwa daga jirgin sama kuwa an ƙi shi, gama nauyin ruwan zai iya rushe bangon. A nan ne aka tura wata na'ura mai suna Colossus.

Mece ce wannan na'ura?

Kamfanin Shark Robotics na garin La Rochelle ne ya ƙera ta. Nauyinta kimanin kilo 500 ne, tana tafiya a kan sarƙa irin ta tankar yaƙi, tana iya hawa matakala, batir ne ke jan ta. A bayanta aka ɗora igwar ruwa, wato babban bakin feshi da ke juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. Tana iya watsa lita 2,500 a minti ɗaya, wato tan biyu da rabi na ruwa. Mai sarrafa ta yana tsaye a nesa, har kimanin mita 300, riƙe da akwatin rimot, yana ganin abin da kyamarorinta ke gani.

Mai karatu zai ce, me ya hana mutane su riƙe tiyon da hannu? Duk wanda ya taɓa riƙe tiyon ban ruwa a fadama ya san yadda yake fizga idan aka kunna inji. Gwargwadon ƙarfin fitar ruwa, gwargwadon yadda bakin ke tura mai riƙonsa baya. Tiyon kwana-kwana na yau da kullum ma yakan bukaci mutum biyu ko uku. Mai lita 2,500 kuwa sai an kafe shi a jikin abu mai nauyi. Shi ya sa ake ɗora irin wannan igwa a kan motocin kwana-kwanan filin jirgin sama, da jiragen ruwa, da hasumiyoyin matatun mai.

Yadda ake saita ta

Igwar ba ta ɗauke da ruwan kanta. Tiyo take ja a baya, famfo kuma ke turo mata. A Paris, daga kogin Seine da ke kewaye da tsibirin majami'ar aka riƙa jawo ruwa. Don haka abin da ake fara dubawa shi ne ko famfo zai iya ba da yawan ruwan da bakin ke nema. In ƙarfin ya gaza, ruwan zai faɗi a hanya kafin ya kai ga wuta.

Na biyu shi ne irin feshin. Mai rimot na iya matse bakin ruwan ya fita a dunƙule kamar mashi, don ya kai nesa ya ratsa garwashi. Yana kuma iya buɗe shi ya zama yayyafi mai faɗi, wanda ke shanye zafi da sauri ya kuma tare hucin wuta. Akwai hattara a nan: lita ɗaya ta ruwa takan zama tururi kimanin lita 1,700, tururin kuwa yana ƙona mutum. Dole a san inda kowa yake tsaye kafin a buɗe.

Na uku shi ne iyakar juyawa. A igwogin da aka kafe a gini ko a mota, akan koya wa na'urar inda za ta tsaya a hagu da dama, don kada ta watsa wa wayoyin lantarki ko mutane. Ana iya sa ta ta riƙa kai da komo da kanta a kan bango guda. Idan kuma man fetur ne ke ci, kumfa ake haɗawa, domin mai yana tasowa saman ruwa ya yaɗu. Bayan wannan sai gwajin batir da na rediyon rimot a kai a kai, da kuma sanin sarrafa ta da hannu idan rimot ya ƙi.

A daren nan Colossus ta shiga tsakiyar majami'a tana sanyaya wurin, mutane kuwa suka hau hasumiyar ƙararrawa ta arewa suka tare wutar. Limaminsu, Fada Jean-Marc Fournier, ya shiga tare da waɗanda suka fitar da kayayyaki masu tsarki. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. An sake buɗe majami'ar ran 7 ga Disamba 2024, an kuma sa bututun feshin ruwa a cikin sabon rufin.

Abin da ya shafe mu

Mu kam ba mu da Colossus a ikkilisiyoyinmu. Amma mu lura: ba ƙarancin na'ura ya ba wutar Paris dama ba, rabin awar farko ce. Mu da muka ga yadda babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002 mun san abin da wuta ke yi cikin ɗan lokaci. Kafin hunturu ya kama, dattawa su sa ma'aikacin lantarki ya duba wayoyi. Jarkar fetur ta bar kusa da janareta. Ƙofofi su zauna a buɗe lokacin sujada. Mai gadi ya san kowane lungu na ginin, da lambar da zai kira. A koya wa masu tsaron ƙofa da zumuntar mata amfani da tukunyar kashe wuta da bokitin yashi. In wuta ta fi ƙarfinmu, a fitar da jama'a tukuna. Gini ana sāke shi, Paris ta yi haka cikin shekara 5.

Allah ya kiyaye mu da gidajenmu. Amin.