Hoto ma ana bin sawunsa: labarin "Bayahuden ƙarshe a Binnitsa"

Kai da ke kiwo ko fatauci tsakanin Ƙala'at an-Nahal da Gadarif da Galabat, ka san in saniya ta ɓata ba a tsayawa kan "an ce". Sawu ake bi, a duba shaidar jikinta, a nemi wanda ya gani da idonsa. To, haka masana tarihi ke yi wa hoto. Ga misalin da muka kawo a shirin wannan mako.

A Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Nazi na Jamus sun hallaka Yahudawa kusan miliyan 6. Akwai wani hoto na lokacin: mutum a durƙushe bakin rami cike da gawarwaki, soja ya saita masa bindiga a kai, wasu na tsaye suna kallo. Ya bazu a duniya a 1961, lokacin shari'ar Adolf Eichmann a Kudus, kuma aka san shi da sunan "Bayahuden ƙarshe a Binnitsa", wani gari a Yukren. Shekara sittin da ɗoriya ana maimaita wannan suna.

Sai a 2023 wani masanin tarihi Bajamushe, Yurgen Matteyus, ya nuna cewa ba a Binnitsa aka ɗauke shi ba. Ta yaya? Ya samu littafin da wani hafsan soja ɗan Ostiriya ke rubuta abin da ya gani kullum, har da kwafin hoton. Daga nan aka gane wurin: ganuwar garin Berdicib, ranar 28 ga Yuli, 1941. A 2025 kuma, da hotunan da wani dangi ya bayar da taimakon kwamfuta wajen gwada fuska, ya bayyana mai harbin: Yakobus Onnen, malamin makaranta ne kafin yaƙi. Sunan wanda aka kashe kuwa har yau ana nema.

Ka lura: kisan gaskiya ne, hoton gaskiya ne, rubutun da aka liƙa masa ne kuskure.

Wannan ya shafe mu nan. Sansanin Um Rakuba da ke jihar Gadarif ya sauke Yahudawan Habasha a 1984, da yawansu suka mutu da yunwa da cuta. A 2020 aka sake buɗe shi saboda masu gudu daga yaƙin Tigrai. Wuri ɗaya, shekaru daban, mutane daban. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, hotunan gawa ba sa yankewa a WhatsApp, kowanne da rubutun cewa su wane ne suka yi.

Kafin ka tura, tambayi kanka: wa ya ɗauka? Yaushe? Dubi kakin soja, lambar mota, rubutun allon shago, ciyawar damina ce ko ƙurar rani. Akwai wanda ya san wurin da zai shaida? In babu amsa, bar shi a wayarka. Hoton da aka laƙa wa ƙabilar da ba ta yi ba yana iya watsa kasuwa, ya toshe burtali, ya sa a tare baƙo a hanya. Mamatan da ke cikinsa kuma suna da haƙƙin a faɗi inda aka kashe su da wanda ya kashe su.