Kitso da aski ga mai bashi a wuya

 

Hirarmu ta yau a kan kitso da aski take, da kuma bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wani ya ci bashin hatsi da damina. Wata ta ci bashin magani da ɗanta ya kwanta. Wata kuma bashin biki ne ya hau ta. In lokacin biya ya zo, kowa manyan abubuwa yake dubawa: a saida akuya, a saida kwalla. Ƙananan kuɗin da ke fita kowane wata, ba mai ƙirga su. Kuɗin gyaran kai yana cikinsu.

Kada a ji mu ba daidai ba. Ba mu ce mace ta bar kanta ba kitso ba wanki don ana bin ta bashi ba. Kan da aka bari yana tara dauɗa da ƙwarƙwata. Mai saida fura ko ƙosai, in ba ta da tsabta, masu saye gudunta suke yi, bashin kuwa ya ƙara nauyi. Gyaran kai dole ne. Maganar ita ce: nawa yake ci, kuma mi ya sa yake cin haka?

Mu yi lissafi

Ku ɗauko alli da allo, ko kaye da alƙalami. Misali za mu bada. Kuɗin garinku yana iya fin wannan, yana iya kasa shi. Kowa ya sa nashi.

A ce wata mace ce a Maraɗi, ana bin ta jika 30. Sau ɗaya a wata tana zuwa shagon gyaran gashi, wanda ake ce ma salon. Kitso jika 2. Gashin kanti da ake ƙara mata jika 2. Kabu-kabu, zuwa da komowa, dala 100. Jika 4 da rabi ke nan. A tsakiyar wata ta koma a wanke mata kai a shafa mai, jika 1, da kabu-kabu dala 100. In an haɗa, jika 6 ke nan a wata. Wata 12 ke cikin shekara, saboda haka jika 72. Ya ninka bashin da ke hana ta barci, har da ƙari.

To, a ce ta koma wurin makitsiyar unguwa. Kitso dala 100, sau biyu a wata, jika 1. Sabulu da man kaɗe dala 100. Ba kuɗin kabu-kabu, da ƙafa za ta je. Jika 1 da rabi ke nan a wata. Abin da ya rage mata jika 4 da rabi. In ta miƙa shi ga mai bin ta kowane wata, cikin wata 6 ta biya jika 27. A wata na 7 ta cika jika 3, ta huta.

Lissafin ba shi da wuya. Kowace mace ta san makitsiyar unguwa ta fi araha. Abin da ke da wuya shi ne kunya.

Kunya mai cin kuɗi

Mu faɗi gaskiya, mata da yawa gabansu faɗuwa yake yi in za su shiga salon. Ga babban madubi, ga hotuna a bango, ga wasu mata zaune suna hira, suna jefa faransanci. Kin shigo daga unguwa da kallabinki, kowa ya juyo ya dube ki. Aka ce ki zauna, kika zauna. Aka cire kallabi. Mai shago ta taɓa gashin ta ce: "Wa ya yi maki wannan kitso? Ai gashinki duk ya lalace." Daga nan bakinki ya mutu. Ta ce a sa wannan mai, kika ce to. Ta ce a ƙara gashi, kika ce to. Ba ki tambayi kuɗi ba, don kada a ce ba ki da shi. Sai da aka gama aka faɗa maki, ya fi abin da ke ƙulle a bakin zanenki. Kika ce za ki kawo ciko gobe. Kin shigo da bashi ɗaya, kin fita da biyu.

Ba mai shago ce abokiyar gabarki ba. Sana'a take yi. Tana biyan haya, tana biyan kuɗin wuta, tana da yaran da take koya ma aiki. Aikinta ne ta tallata kayanta, kamar mai tumatir a kasuwa. Amma a kasuwa wa ya taɓa ɗaukar tumatir ya zuba a kwando bai tambayi kuɗi ba? Macen da ke tsayawa ta yi ciniki a kan dala 5 a kasuwa, ita ce ke shiru a kan jika 2 a salon. Abin mamaki ne, amma haka muke.

Maganin wannan, a yi magana kafin a zauna. Tun kina tsaye, kallabinki bisa kanki, ki yi sallama ki ce: "Tanti, kitso nike so, na gashina kaɗai, ba ƙari. Nawa ne?" In ta faɗa ya yi maki yawa, ki ce: "Dala 200 gare ni. Wane iri za ki yi mani da su?" In ba a daidaita ba, ki yi godiya ki fita. Ba ki zagi kowa ba, ba ki ci na kowa ba. In kuma ana cikin aiki ta kawo wani mai, ki ce: "A bar shi sai wani zuwa." Magana ke nan gajera. Ki gwada faɗinta a gida tukuna, sau biyu ko uku, don bakinki ya saba. In har yanzu gabanki na faɗuwa, ki tafi da ƙawa ko ƙanwa. Kuma ki zaɓi safiyar ranar aiki, lokacin da shago ba kowa. Jajibirin salla shi ne mafi muni: ga cunkoso, ga tsada, ga aikin gaggawa.

Ki yi tambayarki da hausa. Ba abin kunya ba ne. A shekarar 2025 ma an ɗauki hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar.

Ga wani wurin da karatunku zai yi maku rana. Wasu shaguna suna liƙa takardar kuɗi a bango. Amma takarda da tamma take ƙirga, mu kuwa da dala muke ƙirga. Tamma 5 ita ce dala 1. Saboda haka in kin ga lamba a rubuce, ki raba ta gida 5. In an rubuta 500, dala 100 ce. In an rubuta 1000, dala 200 ce, wato jika 1. In an rubuta 2500, jika 2 da rabi ce. Wadda ta iya wannan ta san kuɗi tun ba ta buɗe baki ba.

Kitson gida

Kafin shaguna su yawaita, a tsakar gida ake kitso, ƙarƙashin inuwa, ana hira. Ki yi mani, in yi maki. Har yau wannan hanya tana nan, ba ta cin ko dala. Mata 3 ko 4 na gida ɗaya ko na makaranta ɗaya suna iya sa rana. Wadda ba ta iya ba ta fara koyo a kan yara. Kibiya da mataji kawai ake bukata.

Kitso yana daɗewa in ana ɗaure shi da kallabi kafin a kwanta. A shafa man kaɗe kaɗan a tsaga, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da fata. In za a tsefe, a yi a hankali, a fara tajewa daga bakin gashi a gangaro zuwa tushe.

Akwai kuskure ɗaya da masu son tattali suke yi. Sai mace ta ce a ja mata kitso da ƙarfi don ya daɗe. Kitson da ya hana ki barci, ko ya fiddo maki ƙuraje a goshi, ya yi tsauri da yawa. Jan nan yana cire gashi daga tushe, ya fara daga goshi da gefen kunne. Gashin kanti mai nauyi yana ƙara jan. In an daina da wuri, gashin yana komowa, amma sannu a hankali, domin gashin mutum kamar santimita 1 kaɗai yake tsawo a wata. In an daɗe ana yi, wurin yana iya zama sanƙo har abada. Daga nan sai sayen magunguna, kuɗin da aka tsimi ya tafi.

Sai maganin miƙar da gashi. Shi kam in an fara, an ɗauko ma kai haraji. Sabon gashin da ke tsirowa da irin halittarshi yake fitowa, don haka kamar kowane wata 2 sai an sake sawa. Da yawa cikin irin wannan magani akwai soda mai ƙuna, irin wadda ake sabulu da ita. Tana ƙona fatar kai, tana karya gashi. A shekarar 2022 masu bincike a Amurka sun bada sakamakon wani aiki da suka yi a kan mata fiye da dubu 33. Sun ga sankarar mahaifa ta fi kama masu yawan sa wannan magani, wato fiye da sau 4 a shekara. A lissafinsu, kafin a kai shekara 70 da haihuwa, cutar tana kama kamar mace 4 cikin 100 na masu yawan sa shi, amma ba ta kai 2 cikin 100 ba ga waɗanda ba su sa shi. A ganinmu, mai bashi a wuya ba ta da dalilin sayen wannan abu.

In makitsiyar ce ke bin ki

Wannan ya fi kowane ciwo. Kina canza hanya don kada ki bi ta ƙofarta. Kina zuwa wani shago mai nisa, kina biyan kabu-kabu, ita kuwa labari yana kai mata. Ki je ki same ta, ba ranar kitso ba. Ki ce: "Yaya, ban manta da kuɗinki ba. Kowace ranar kasuwa zan kawo maki dala 50." Ki cika alkawari, ko da ba yawa. Kuma kada ki sake zama a yi maki kitso bashi. Ita ma da kuɗin take sayen hatsi.

Haka nan mai bin ki bashin hatsi ko na atamfa. Idonta yana bisa kanki. In ta gan ki da kitson jika 4 alhali kin ce mata babu, zumunci ya ɓaci. In ta gan ki tsaf da kitson gida, ga ɗan abin da kike kawo mata kowane wata, ba ta da abin cewa.

Ku ma maza

Kada maza su yi dariya, su ce hirar mata ce. A ce aski dala 60 ne, kana yi kowace Juma'a. A wata dala 240, wato jika 1 da dala 40. In ka koma yi Juma'a ɗaya ka tsallake ɗaya, ka rage rabi. A shekara jika 7 da dala 40 ke nan. In kana da ɗiya maza 3, sai ka sake lissafi. Samari kuma akwai wata al'ada, in an haɗu da aboki wurin aski sai a ce "na biya maka". Kyauta abu ne mai kyau, amma ba da kuɗin da ake bin ka ba.

Wuri ɗaya ne ba a tattali: reza. Kada a yi maka aski da rezar da aka yi ma wani. Jini kaɗan da ido bai gani ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Ka sayi sabuwa ka tafi da ita wurin wanzami, ko a buɗe sabuwa a gabanka. In ƴan gida ɗaya sun haɗa kuɗi sun sayi injin aski, a wanke bakinshi bayan kowane mutum. Yaron da ke da makero kada a haɗa mashi inji ko mataji da sauran yara, a kai shi likita.

Ina za a sa abin da ya ragu?

Kuɗin da ya kwana a bakin zane ba ya kai wata. Ranar da kika saba zuwa salon, a ranar za ki kai shi ga mai bin ki. In kina cikin asusu, ki zuba can. Matan jahar Maraɗi sun san wannan hanya. A can aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a shekarar 1991, tare da ƙungiyar CARE. Mata suna taruwa kowane mako, kowace ta zuba kaɗan a akwati, suna ranta ma junansu, in lokaci ya cika su raba. Daga Maraɗi dubarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Kuma duk abin da kika biya, ki rubuta. Malamai sun san ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ki ja layi a kayenki, ki raba shafi gida 3: rana, abin da kika biya, abin da ya saura. Ki nuna ma mai bin ki, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa.

Ga aikin da za ku kai ma malaminku. Kowa ya rubuta abin da ya kashe a kitso ko aski a watan da ya wuce, har da kuɗin mai da na kabu-kabu. Ya ninka shi sau 12. Sa'an nan ya tambayi kuɗin tiyar hatsi a kasuwar garinsu, ya duba tiya nawa wannan kuɗi zai saya. Wanda rabawa ta ba shi wuya, malam ya taimaka mashi bisa allo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.