Dashen Itatuwa A Gololo: Wa Zai Yi Reno?

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, musamman mutanen ƙasar Katagum, ga wani batu na gida.

Gololo tana cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa, a arewacin Jihar Bauchi, inda iskar rani ke kwashe ƙasar gona. Bauchi kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin nan na shingen itatuwa don tare hamada ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. To, amma dasawa ba wuya, reno shi ne aiki. Dashen da ba a kewaye shi da ƙaya ba, ba a shayar da shi da bazara ba, rabon awaki ne.

Saboda haka ake bukatar 'yan sa-kai masu horo, wato waɗanda suka iya renon irin darbejiya da ɗakwara, da shugaba a kowace unguwa mai raba aiki yadda ake yi ran gayya.

A duba ƙasar Maraɗi. Tun wajen 1984 manoman can suka koyi sassaben zamani, wato barin tohon kututturen gawo da kalgo a gona ana yi masa aski har ya girma. Manomi ya koya wa manomi, gonakin da suka zama fili suka sake yin inuwa.

Ƙungiyoyinku na 'yan gari su sa wannan a lissafi. Kuɗin horar da samari goma da sayen garewanin ban-ruwa bai fi ƙarfin taro ɗaya ba. Kowa dai gida zai komo.