Igiya, duwatsu da furanni: yadda ake jinyar firgicin da ya ƙi tafiya

Wani ya tsira daga hari shekaru biyu da suka wuce, amma har yau ƙarar tayar babur in ta fashe sai jikinsa ya ɗauki rawa, barci kuma ya gagara. A gida sai a ce aljanu ne, ko a ce ya yi haƙuri ya manta. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun san ciwon, kuma yana da magani.

Wata hanyar jinya da masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus suka ƙirƙiro, aka gwada ta kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, tana farawa da igiya. Ana shimfiɗa ta a ƙasa a matsayin rayuwar majinyaci. Shi zai ɗora fure a kan kowane lokacin farin ciki, dutse a kan kowace masifa. Daga nan, zama bayan zama, ya riƙa ba da labarin kowane dutse daki-daki, mai jinya yana rubutawa, har ƙwaƙwalwa ta gane cewa abin ya wuce, ba yanzu yake faruwa ba. Zaman farko da zafi, babu ja.

Akwai kuma EMDR, wadda Francine Shapiro ta faro a 1987, inda majinyaci ke tuna abin yayin da idanunsa ke bin yatsan likita hagu da dama. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, ta kuma gargaɗi likitoci kan ba wanda ya firgita kwanan nan ƙwayoyi irin su diazepam.