Mai Juna Biyu Da Tafiya Ingila A Lokacin Sanyi

A ɗakin awon ciki mukan samu matan da ke shirin bin mazajensu Ingila, wasu don karatu wasu don aiki, kuma sau da yawa tafiyar kan faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. A nan, da hantsi ya yi sai a tuɓe rigar sanyi. A Landan kuwa, a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, wasu dararen har ruwa ya daskare a kan hanya.

Kafin a sayi tikiti a fara zuwa a ga likita. Yawancin kamfanonin jirgin sama ba sa ɗaukar mace idan cikinta ya wuce mako 36, ko mako 32 ga mai tagwaye, kuma daga mako 28 sukan nemi takardar likita mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa. Ki sa katin awonki, da sakamakon hoton ciki, da takardar rukunin jini da ta gwajin sikila a jakar hannu, ba a akwati ba. Mai hawan jini, ko wadda ta taɓa ganin jini a wannan cikin, ko mai ciwon sikila, kada ta yanke shawarar tafiya ita kaɗai. Sanyi yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da sikila.

Daga Abuja zuwa Landan tafiyar kimanin awa 6 ce. Ciki da kansa yana sa jini saurin daskarewa, zaman da ya wuce awa 4 wuri ɗaya kuma yana ƙara haɗarin gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa. Ki nemi kujerar gefen hanya, ki riƙa tashi kina ɗan takawa kamar kowane rabin awa, ki sha ruwa sosai, ki sa safar nan mai matse ƙwauri idan likita ya yarda. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko da bayan kwanaki da sauka ne, asibiti za a nufa nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne gawayi. Mun saba da hunturu a shigo da kaskon wuta ɗaki, ko a ɗora turaren wuta a kan garwashi. Ko a nan ma akwai haɗari, balle a gidajen can da ake toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, kuma ta fi daɗewa a jininsa fiye da na uwa. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato dai abin da mace za ta ce laulayi ne. Ga yadda za a gane: idan mutanen gida duka suna ciwon kai, kuma da an fita waje sai a ji sauƙi, a buɗe tagogi, a fice, a kira 999. Kada a kunna gawayi a cikin gida, kada a bar murhun gas a kunne don ɗumama ɗaki, kuma a tambayi mai gida ko akwai na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru.

Da kin sauka ki yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, ki nemi ganin ungozoma. Ba a korar mai ciki daga asibitin gwamnati saboda kuɗi, amma wadda ta shiga da bizar ziyara za a aiko mata da takardar biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Za a ba ki allurar rigakafin mura mai tsanani, wadda ake yi a kowane watan ciki, da ta tarin shiƙa na jarirai mai sa shiɗewa daga mako 16, da ta RSV daga mako 28, wadda aka fara yi wa masu ciki a can a shekarar 2024. Ki karɓa. Fatarmu ba ta samun isasshiyar rana a can, musamman ga mai lulluɓi, don haka ana so ki riƙa shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum.

Zazzaɓi kuwa, kada ki ɗauka mura ce kawai. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro takan biyo mutum daga gida ta tashi bayan makonni, likitan can kuma ba lallai ya kawo ta a ransa ba. Ki faɗa masa da bakinki cewa daga Nijeriya kika zo, a gwada jini a ranar. Farasitamol ba laifi, amma kada ki sha ibuprofen ko maganin mura na kanti sai an tambayi likita. Idan ba gaggawa ba ne, ana kiran 111 don neman shawara.

Wajen sutura, riguna 2 ko 3 marasa nauyi a haɗe sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. Silifas da takalmi mai tsini a ajiye su, a sayi mai ƙasan roba. Mai tsohon ciki ba ta ganin inda take takawa, ƙanƙarar safiya kuma ba koyaushe ake ganinta ba. Wadda ta faɗi ta kira sashen haihuwa ko da ba ta ji ciwo ba, haka ma idan motsin yaro ya ragu.

Idan haihuwa ta same ki a can, iyaye mata da suka je jego su yi haƙuri da wannan: ba a tula wa jariri barguna. Ɗumin ɗakinsa ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 20, a kwantar da shi rigingine a gadonsa, nesa da hita, ba hula a kansa lokacin barci. Don sanin ko zafi ya yi masa yawa, a taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, domin hannu da ƙafar jariri dama sukan yi sanyi.